Ranar da Wayar Yaya Gambo Ta Yi Shiru

Tun da na dawo daga Colire ban ƙara shan shayi da daɗinsa ba. Da na zauna a rumfar bakin mahauta sai a kewaye ni: "Baba Ɗanjuma, yaya tafiya da Dakta?" "Baba Ɗanjuma, wai da gaske ka je ɗauko yayarka ka dawo hannu rabbana?" Bakina ya gaji. To ga shi na rubuta, da ɗan bokon da na tsinta a lakol, wato makaranta, kafin mahaifina ya ce wuƙa ta fi alli ciyar da gida. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa, ya sakar mini riga.

Ga mafarin abin. Yayata Gambo, wadda nake bi, aure ya kai ta Colire tun muna da haƙora duka. Mijin ya rasu, ciwon yana ya rufe mata ido, yanzu ko tafin hannunta ba ta gani. Ɗanta Alhaji Bello, mai kanti a nan Garwa, mai tumbi kamar an kifa ƙwarya, ya gina mata ɗaki har da tayil, ta ce ba ta zuwa. Sai ya same ni.

"Kawu, kai kaɗai take jin maganarka."

Wannan ƙarya ce, shi ma ya sani. Matar da ta goya ni, ta zane ni, yaushe ta fara jin maganata? Amma ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce, "Makauniya, ita kaɗai a gida. Ranar da ta faɗi, wa zai sani?" Na ce masa ya ɗauka an gama, ba zan dawo ba sai da ita.

Sai Allah ya kawo motar banza. Fadimatu, 'yar maƙwabcina marigayi Malam Isa tela, ta zo gari, kuma can za ta. Ita ce Daktar. Kada wani ya kai mata ciwon baya, ba Daktar allura ba ce, ta surutu ce. Yarinyar nan da na sani tana zuwa sayen hanta da majina a hanci, ta yi karatu nan, ta wuce Ngaundare, ta ƙetare ruwa zuwa ƙasar Turawa masu ƙanƙara, ba ta tsaya ba sai da karatun ya ƙare ta fara koyar da shi. Na tambaye ta me take koyarwa.

"Baba, da farko a kan mata na yi aiki. Ni feminis ce."

"Subhanallahi. Ana warkewa?"

Ta yi dariya. "Ma'anarsa, na yarda mace mutum ce cikakkiya, tana da ta cewa a kan rayuwarta."

"Wannan sai an je ƙasar ƙanƙara ake sani? Da kin zo gidana kin ga matata Hajiya, da kin huta da kuɗin jirgi."

Ta ce daga mata ta koma kan tsofaffin mata, daga nan kan masu naƙasa, yanzu kuma ta haɗa su duka da wayar hannu: yadda tsohuwa, ko makauniya, ko gurguwa take amfani da waya, da wanda ke riƙe mata ita. Wai a kan wannan take so a ɗaga ta ta zama Farfesa. Ku ji fa. Mu da muka tsufa a kyauta, ashe akwai mai cin albashi a kanmu. Na ce ta rage mini hanya. Ta ce to, amma sai na bar ta ta gana da Yaya. Na amsa, a raina ina cewa ga mai taya ni lallashi, ai ɗan boko ba zai yarda a bar makauniya a ƙauye ba.

Muka tashi da hantsi, ni da ita da direba, wani Bafillace mai suna Hamadu wanda ba ya magana sai in an taka shi. Muka haye gadar Binuwai muka miƙa kudu. Kun tambaye ni ko mun ƙetare iyaka. Ba mu bar ƙasa ba, amma mai bin hanyar nan ba ya rasa iyaka: igiya ce a gicciye da tsumma a jiki, da jandarma a gindin bishiya. Kafin Ngong aka tsayar da mu. Jandarman ya karɓi katin dantite na, wato katin shaida, ya dube shi, ya dube ni.

"Papa, wannan hoton ɗanka ne?"

Na nuna masa hoton shugaban ƙasa da ke manne a rumfarsu. Na ce, "Ɗana, wancan hoton tun ina kayar da bijimin sa ni kaɗai yake a bango, bai canza ba. Don me nawa zai canza?" Ya dubi bango, ya dubi abokinsa, ya miƙo mini katina da sauri kamar yana da zafi.

Ya juya ga Dakta, ya tambayi sana'arta da Faransanci. Ta fara bayani. Jama'a, ta fara bayani! Mata, tsufa, naƙasa, waya, daidaito. Motoci suka taru a bayanmu. Bawan Allah ya saki igiya da kansa, ya ce mu tafi, Allah ya kiyaye. A nan na fara ganin amfanin karatunta. Da masu tare hanya za su tsaya su saurare ta, da an daina rakiyar soja a ƙasar nan.

Muka ratse zuwa Lagdo, don tana da aiki a can. Garin nan hancinka ke fara isa kafin ƙafarka. Ko'ina banda ake yi, hayaƙi da ƙarnin kifi, ga yaren duniya duka a bakin ruwa. Ni mahauci ne, ban raina sana'ar kowa ba, amma naman da ba a yanka shi ba, ba a feɗe shi ba, ba shi da tozo, a wurina rabin nama ne.

Ta zauna cikin mata masu banda, ta tuɓe takalmi, ta ajiye ƙaramar na'urar ɗaukar murya. Ni aka ba ni turmi can gefe, wai maganar mata ce. Amma kunnena bai tsufa ba. Kowace sai ta tambaye ta, "Inna, kina da waya? Tana hannun wa?" Wata ta ce tana wurin maigida, yana kan ruwa. Wata ta ce ɗanta ya ara tun bara. Dakta tana gyaɗa kai kamar mai jin ta'aziyya. Wata gurguwa mai baki, da ke juya kifi daga zaune, ta ce, "'Yar nan, tawa tana nan a ƙugu, wanda ya isa ya zo ya ɗauka." Dakta ta kusa rungume ta.

Akwai abin da na lura da shi, ita ma ta lura. Wayoyin tsofaffin nan ba sa ringi irin na mutane. Sai ka ji ƙirr sau ɗaya, ɗif. Abin da muke kira bip ke nan, ka kira ka kashe kafin a ɗauka, don kada a ci maka kiredi. Dakta ta ce mini cikin tausayi, "Ka gani, Baba? Talauci ne. Suna so su yi magana, ba su da hali."

Na ce, "Rowa ce. Na san tsofaffi, ni ma ɗaya ne."

Ku riƙe wannan. Mutum biyu, ɗaya da digiri ɗaya da furfura, kowa ya yanke hukunci, ba wanda ya tambayi masu wayar.

Masauki kuwa, oberj ne, wani ƙaramin otal mai fenti shuɗi. Mai karɓar baƙi ya dube mu ya ce, "Misye da Madam, ɗaki ɗaya?" Na gyara hula na ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka san darajar mutum." Dakta ta wanke shi da Faransanci har ya ba mu ɗakuna a kusurwa biyu na gidan. Fankar ɗakina tana juya kai hagu da dama kamar mai cewa a'a, iska kuwa ta rantse ba ta bayarwa. Abinci aka kawo giwan ruwa gasasshe da tuwon masara. Gaskiya ɗaya ce, ya yi daɗi, amma kada ku gaya wa masunta na faɗa. Dakta ta ci nata da cokali mai yatsu. Kifi! Da cokali! Ƙaya ta maƙale mata, Hamadu direba ya buɗe baki karo na farko a ranar ya ce, "Hannu ya fi."

Washegari muka koma kan kwalta, muka yi kudu zuwa Gijiba, muka karya gabas. Daga nan hanya ta daina zama hanya ta koma shawara. Ramin da muka faɗa wani ya fi rijiyar gidana. Birai suna zaune a gefe suna kallonmu kamar dattawan unguwa. Dakta tana ta ɗaga waya sama tana neman rezo, wato sabis, ni ina riƙe da ƙuguna ina neman gafara.

A hanyar na shirya ta. Na ce, "Fadimatu, in mun je ki taya ni. Ki gaya mata a Garwa akwai asibiti, akwai lantarki."

"Baba, an tambaye ta abin da take so?"

"An tambaye ta mana. Ta ba da amsar da ba daidai ba, shi ya sa aka aiko ni."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Na gane na ɗauko kara da kiyashi.

Muka isa Colire da la'asar. Gidan Yaya yana bayan kasuwa, ɗaki biyu da zaure, tsakar gida a share tas. An ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa bayan gida, tana bi da hannu. Ban gama sallama ba ta ce, "Ɗanjuma ne. Har yanzu kana jan ƙafar hagu. Bello ne ya aiko ka?"

"Yaya, zumunci ne ya kawo ni."

"Zumuncin da ya zo da mota? Zauna. Wace ce mai turaren?"

Suka ƙulle da Dakta kamar sun shekara tare. Ni aka bar ni da kwanon dambu. Can Dakta ta ce a nuna mata waya. Yaya ta kwance bakin zane ta fito da ita. Wayyo. Wata tsohuwar aba mai maɓallai, an ɗaure ta da kyauron roba, gilashin ya tsage, a kan wasu maɓallan an ɗiga ƙaro ya bushe ya yi tudu. Na ce, "Yaya, wannan ko a bola aka gan ta sai a yi mata salla."

Dakta kuwa idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe jaka ta fito da sabuwa fil, irin ta shafa, wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya. Wai an yi ta don makafi, tana karanta wa mutum komai da murya. Ta taɓa, sai wata Baturiya ta yi magana daga ciki da Faransanci. Yaya ta ja da baya.

"Wace ce wannan?"

"Inna, ita za ta riƙa gaya miki wanda ya kira."

"Ba ta yi sallama ba."

Amma Yaya mai kunya ce a gaban baƙo, ba ta mayar da kyauta. Ta yi godiya, ta sa albarka. Dakta ta zare ɗan katin layin daga tsohuwar ta sa a sabuwar, ta ce gobe da hantsi za ta zauna ta koya mata a tsanake. Ni kuma na ɗauke tsohuwar na zura a aljihu, don na ga alama abar nan tana cikin abin da ke riƙe ta a garin. In za ka cire akuya daga gida, fara kwance turken. Wannan hikima ce, ko yanzu ban janye ba.

Na kwana a zaure, Dakta ta kwana ɗaki ɗaya da Yaya. Da safe na dawo daga masallaci, gari ya fara haske, na tarar da Yaya zaune a bakin gado tana shafa sabuwar waya. Baturiya tana ta zuba. Yaya ta ce, "Ɗanjuma, ina tawa? Ba ni, ina da aiki."

"Wane aiki da sassafe? Ki bari Dakta ta fito daga wanka ta koya miki."

"Ka ba ni, na ce. Za ka jawo abin da ba za ka iya ba."

Na yi kamar ban ji ba, na koma zaure na ɗora shayi. Wayar ta yi ƙirr sau ɗaya, ta yi shiru. Can ta sake. Can ta shiga yi ba ƙaƙƙautawa, Yaya tana shafa gilashi ta rasa inda ake ɗauka, Baturiya tana karanto lambobi.

Shayina bai tafasa ba na ji salati daga bakin kasuwa.

Na leƙa. Jama'a, ban taɓa ganin runduna irin wannan ba. A gaba wata tsohuwar Bafillata ce a kan keken guragu, tana murza shi da hannu kamar za ta tashi sama. Daga baya na ji sunanta Dada Jiji. A bayanta wata mai sanda biyu. A bayanta makafi biyu, ɗaya ta dafa ɗaya. Wata ta ɗauko buta da sabulu. Wata, wallahi, da farin yadi a hammata. Suna tafe suna "Innalillahi," maƙwabta suna fitowa suna bin su, har da ladan.

Dada Jiji ta taka birki a kan ƙafata. "Kauce! Ina take? A ɗaki ta cika ko a tsakar gida?"

"Wa?"

"Gambo mana! Kai wane ne?"

Sai ga muryar Yaya daga ciki: "Jiji, ina nan da raina. Ƙanena ne ya zo daga birni da hankalinsa."

Matan suka juyo kaina. Sannan aka fashe, wasu kuka, wasu dariya, wasu zagi, kuma zagin duk nawa ne. Dakta ta fito da ɗankwali a karkace tana tambayar me ya faru. Dada Jiji ta yi mata bayani, rabi Hausa rabi Fillanci. Ashe tsofaffin matan unguwar, waɗanda ke kwana su kaɗai, suna da ƙa'ida. Bayan sallar asuba kowace za ta yi wa ta gaba da ita bip, ita kuma ta yi wa ta gaba, har ya zagayo. Ba a ɗauka, ba a magana, ba a kashe ko dala. Ma'anarsa: na tashi. In ya tsaya a kan wata, a sake gwada ta. In shiru, kowa ta ɗauko abin da za ta iya ta nufo gidan. Ɗigon ƙaron nan da na yi wa dariya, kowane tudu mutum ce: wannan Jiji, wannan mai sanda biyu.

"Bara haka muka tsinci Ladi a bayan gida, ƙafa ta karye," in ji Dada Jiji. "Ga ta nan tsaye. Ɗanta yana Duwala, sai da aka ɗaure ƙafar ya ji."

Mai farin yadin ta matso ta dube ni sama da ƙasa. "Tun da an riga an ɗauko, ko kai za a auna?"

Na zaro tsohuwar waya daga aljihu na miƙa, ba don na tsorata ba, don dai nauyi take yi mini. Dakta ta durƙusa a gaban Yaya, ta mayar da katin. Ta ce, "Inna, ki yafe mini. Na zo tambaya, sai na fara da ba da amsa."

Yaya ta shafa kanta. "Ba komai, 'yata. Ki kai wa Bello Baturiyar, shi ne ba shi da mai yi masa magana." Ta lalubi tudun ƙaro ta danna. Wayar Dada Jiji, da ke zaune a gabanta, ta yi ƙirr. Matan suka ce, "Alhamdu lillahi," kamar yanzu ne ta tashi.

Na ga dai aikina yana nutsewa, na yi ƙoƙari na ƙarshe. Na ce, "Yaya, a Garwa akwai tayil."

"Tayil zai zo da buta in na yi shiru?"

"Akwai Bello."

"Bello yana tashi da hantsi, ya leƙa kanti, ya dawo da dare. Nan kuwa ka gani da idonka, kai mai ido. Shayinka ma bai tafasa ba." Ta juya inda take jin numfashina. "Kai fa? Hajiya tana Marwa wurin 'yarta rabin shekara. Ranar da ka faɗi, wa zai sani?"

Na ce wannan ba ya cikin abin da aka aiko ni.

Dakta ta ƙara kwanaki a can, har ta wuce garin Rai Buba inda aka ce akwai wasu masu irin wannan ƙa'ida. Na ji tana cewa duk abin da ta rubuta a Lagdo sai ta sake shi. Yanzu an ce tana can tana tsayawa gaban manyan masana tana ba da labarin, ana tafa mata, kujerar Farfesa tana matsowa. Wato ta yi kuskure, za a ƙara mata girma. Ni na yi rabin kuskuren, abin da na samu tayar keke a kan babban yatsa. Wannan shi ne boko.

Na dawo a motar kasuwa, tsakanin buhun gyaɗa da wani mai kaji. Alhaji Bello ya tare ni a tasha yana leƙa bayana.

"Kawu, ina Inna?"

Na miƙa masa sabuwar waya na ce, "Ga saƙonta. Tambayar da ka yi kuma, wa zai sani, na gano maka. Duk Colire za ta sani, har da ladan, kafin kai ka juya a katifa." Har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ɗakin tayil an zuba katon-katon na madara a ciki.

Saura abu ɗaya, don na san munafukan rumfa sun riga sun lura. E, gaskiya ne, kullum bayan asuba wayata tana yin ƙirr sau ɗaya, ni kuma ina mayarwa. Kafin in taso Yaya ta sa aka ɗiga sabon ƙaro a wayarta, ta ce nawa ne. Kada wani ya ce tsoro ne ko tsufa. Lissafi ne kawai. Dada Jiji ta rantse a gabana cewa ranar da na yi shiru za ta murzo kekenta har Garwa, mai farin yadin kuma ta ce ta riga ta san tsawona.